Waƙar Yaya Ta Karkata Gefe Guda

Shafi na 19

Masu bi na har akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min, ni ma da aikin gabana. Ga shi nan na kawo. Wanda kuma yake ganin na cika tsanantawa a kan Yaya, ya karanta wannan tukuna kafin ya yanke min hukunci.

*

Anti ce ta buɗe min ƙofa, matar Yayana. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta riƙo min hannu.

"Auta, don Allah ki bi shi a hankali."

"Anti, waƙa fa ya ce in zo in saurara. Ba haƙori zan cire masa ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta sakar min hannu ta koma ciki.

Na san abin da ke cin ta. Oga, mai situdiyon da Yaya ke yi wa aikin haɗa sauti, ya dakatar da shi, saboda mawaƙa sun yi ta dawo da aiki suna ƙorafi. Sharaɗin da ya gindaya masa ɗaya ne: ya je ya haɗa waƙa da hannunsa, tun daga kiɗa har gyaran sauti, ya kawo. In ta yi, kujerarsa tana nan. In ba ta yi ba, a nemi wani. Da wannan kujerar Yaya yake riƙe da gidan nan.

Ni kuwa shi ya koya min sana'ar. Amma tun da na fara samun nawa mawaƙan a ɗan ɗakina, ya ɗauke min wuta. In gaishe shi a taron dangi ya wuce kamar da bango na yi magana. Shi ya sa da saƙonsa ya shigo yau na karanta shi har na gaji, ina neman inda tarkon yake.

Ɗakin ajiyarsu ya mayar situdiyo. Tsohuwar katifa jingine da taga, kwalayen ƙwai manne a bango, makirfo an ɗaura masa safa a gaba. Fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga ɗauka, ga rana ta take, ɗakin ya ɗau zafi har kwamfutar tana huci.

Dogo abokinsa yana zaune a kan kifaffen bokiti. Dogo irin mutanen nan ne da ko tarinka ka ɗauka ka kunna musu, za su ce ba a taɓa yin irinsa ba.

"Ina wuni, Yaya."

Bai juyo ba. Sai da Dogo ya taɓa shi.

"Au, kin zo? Zauna a tsakiya."

Na ja kujera na zauna daidai tsakanin lasifikokin biyu. Ya danna.

Na rufe ido na saurara har ƙarshe. Na ɗaga yatsa alamar ya maimaita. Ya maimaita.

Kafin sautin ƙarshe ya mutu Dogo ya miƙe.

"Wuta! Wallahi wuta ce! Oga sai ya zo har gida ya ba ka haƙuri!"

Yaya bai kula shi ba. Ni yake kallo.

"To, malama. Faɗi."

"Amshin ya yi daɗi, Yaya. Wallahi ya yi. A zagaye na biyu na kama kaina ina bin sa a zuci. Kuma yadda ka sauke murya a ƙarshen baitin farko, ba kowa zai iya wannan ba."

"Ni na koya miki a fara da zuma. Kawo maɗacin."

"Shimfiɗar ta yi tsawo. Mutum zai gaji da jiran murya ya tsallake waƙar. Ka yanke rabinta."

Ya dubi farkon waƙar a fuskar kwamfuta.

"Na ji. Sai me?"

"Piyano da jita suna rububin wuri ɗaya, muryarka kuma tana tsakaninsu kamar mai rabon faɗa. Ka bar jita ita kaɗai a baiti. Piyano ya jira amshi, sai shigowarsa ta yi armashi."

"Haba ƙanwarmu," in ji Dogo, "ai cikar kiɗan ke nan!"

"Dogo, ɗaki ma in ka cika shi da kujeru ba wurin zama za ka samu ba, tuntuɓe za ka yi ta yi."

Na ga gefen bakin Yaya ya motsa, kaɗan ya rage ya yi murmushi. Ya kashe layin piyano a baitin, ya kunna, ya karkatar da kai yana saurare. Muryarsa ta fito fili, ta samu wurin numfashi.

"Hmm," ya ce. "Wannan kam kin yi gaskiya."

Wallahi sai na ji zuciyata ta yi sanyi. Na tuna lokacin da nake 'yar ƙarama, yana ɗora ni a kan cinyarsa yana sa min hedifon da ya fi kaina girma. Har na fara raya wa kaina ko in tsaya a nan, in tashi mu rabu lafiya.

Amma babbar matsalar ban taɓo ta ba, kuma ita ce za ta kashe shi a gaban Oga.

"Saura abu ɗaya, Yaya."

"Ina ji."

"Kacau-kacau da duk wani abu mai kaifi, ka ɗaga su har suna soke kunne. A sauke su, wannan mai sauƙi ne. Babban shi ne, waƙar gaba ɗaya ta karkata dama. Murya, ganga, bes mai kaurin sauti, duk sun tare a lasifikar dama. Ta hagu kamar ba da ita ake yi ba."

Fuskarsa ta canza nan take.

"A tsakiya suke."

"Ba a tsakiya suke ba."

"Na ce miki a tsakiya suke."

"To dubi allo."

Na nuna masa ma'aunin sauti a fuskar kwamfutar. Sandar dama tana ta dukan ja, ta hagu ko rabi ba ta kai ba.

"Na'ura ba ta da kunne," ya ce. "Ni nake da shi."

"Ni ma ina da shi, Yaya."

"A ina kika samo shi?"

Bai jira amsata ba. Ya ci gaba.

"Ɗakin ne. Katifar nan tana shanye sautin gefe guda. Ko ɗan koyo ya san haka."

"In ɗakin ne, hedifon zai raba gardama. Ba ni."

Ya cillo min shi a cinya. Na sa, ya kunna. Ai sai abin ya fi muni. Kamar wani ya tsaya a kunnena na dama yana min ihu, na hagu kuma ana raɗa daga nesa. Na cire.

"Haka take. Ta karkata."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya juya wajen Dogo.

"Ka gani ko? Na faɗa maka wuyanta ya isa yanka. Yarinyar da ni na nuna mata inda ake kunna kwamfuta."

"Ba raini ba ne. Tambayata ka yi."

"Oga ya taɓa kiran ki, ko?"

"Oga kuma? Me ya haɗa ni da shi?"

"Kujerar tana da daɗin zama ai. Ga sanyin ɗaki, ga manyan lasifikoki. Ta fi wancan akurkin naki da kike ɗaukar muryar yaran unguwa a ciki."

Wannan maganar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Na bar aikina na ratso rana na zo don kada ya ji kunya a gaban mutane, shi kuma abin da ya gani a fuskata ke nan. Idona ya kawo ruwa amma na hana shi zuba, don ba zan yi kuka a gaban Dogo ba.

"Shi ke nan," na ce. "Ni maƙiyiya ce, na yarda. Amma yi min abu ɗaya in tafi. Sa hedifon ɗin, ka juya shi. Na dama a hagu, na hagu a dama."

Ya tsaya cak.

"Kai ka ce min kada in taɓa sallamar waƙa sai na juya hedifon na sake ji. Ka ce kunne yana sabawa da ƙarya, juyin ne yake tona ta. Ka juya a wannan?"

"Ba ke za ki ba ni umarni a ɗakina ba."

"Ba umarni ba ne. Ka juya a wannan?"

Dogo, Allah sarki, shi a ganinsa taimako yake yi.

"Haba maigida, juya mata mana ta ga iyakarta! Mene ne a ciki? Juya ka kunyata ta!"

Yaya ya yi masa wani kallo da ban gane ba a lokacin. Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ba hanyar fita. A hankali ya ɗauki hedifon ɗin, ya juya shi, ya ɗora a kai.

Na miƙa hannu na danna.

Ko layin farko ba a gama ba ya fizge shi daga kansa kamar wanda kunama ta harba. Hedifon ɗin ya bugi tebur ya faɗi ƙasa, waƙar tana ci gaba da tsiyaya daga cikinsa siririya. Ya dafe kunnensa na hagu da tafin hannu.

Na kashe.



Duk ƙarar da ya tara a dama, yanzu ta faɗa masa a kunnen hagu, kuma a karon farko ya ji abin da kowa yake ji. A nan na gane. Ba ɗaki ba ne, ba katifa ba ce. Mutum ba ya tura komai dama ya rantse a tsakiya yake sai in daman ce ba ta kawo masa sauti.

"Dogo," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba mu wuri."

Dogo ya sulale ko sallama babu. A bakin ƙofa ya kusa karo da Anti, ashe tana tsaye tun ɗazu.

"Yaya," na ce. "Kunnenka na dama..."

"Lafiyarsa lau."

"Abban yara, ka faɗa mata," in ji Anti, tana kuka. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wallahi na gaji da riƙe maganar nan ni kaɗai."

"Ke, koma ciki."

"Ba zan koma ba. Auta, mun je asibiti tun bara. Likita ya ce jijiyar kunnen ce take mutuwa, ƙarar lasifika ta shekara da shekaru ce ta cinye ta. Na dama ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na hagun ma ya fara, shi ya sa ba ya jin abu mai kaifi sai ya ƙure shi. An ce ya rage hedifon, ya ƙi. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har ke."

Na dubi Yaya. Ya kafa wa allon kwamfutar ido kamar ba da shi ake ba.

Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Gaisuwar da nake yi masa ya wuce. Ranar da na kira shi a bakin titi har mutane suna juyowa, shi bai juyo ba. Na koma gida ranar na ce wa kaina Yaya ya tsane ni saboda na fara tsayawa da ƙafata. Na riƙe shi a zuci wata da watanni. Shi kuma ya gwammace in ɗauke shi mai hassada da in san kunnensa ya taɓu.

Tausayi ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce miki me? In ce mai haɗa sauti ya kurumce? Direba ya makance, ku zo ku hau mota?"

"Ni ƙanwarka ce!"

"Ke abokiyar sana'a ce yanzu."

Na share fuskata da bayan hannu. Ba lokacin faɗa ba ne.

"To ji. Zuba min layukan waƙar duka a waya in tafi da su. Kafin magariba na daidaita ta. Tsarin kiɗan naka ne, muryar taka ce, ni tsakiya kawai zan dawo da ita in sauke kaifin. Ba wanda zai sani."

"Sai kuma gobe fa? Duk waƙar da aka kawo situdiyo in saka ta a aljihu in kawo wa Auta ta duba min?"

"Za mu san yadda za mu yi. Akwai ma'auni a allo, ka koyi yarda da idonka. Ka riƙe tsara kiɗa, a nan ba wanda ya kama ƙafarka, gyaran sautin kuma..."

"Na riga na tura."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ka tura me?"

"Waƙar. Tun da safe tana wajen Oga."

Anti ta dafe ƙirji. Ashe ita ma ba ta sani ba.

"A haka? Yadda take ɗin nan?"

"A kunnena daidai take."

"To don me ka kira ni? Don me na zauna ina ta zuba, yanke shimfiɗa, cire piyano, kana ce min na yi gaskiya? Gyaran me muke yi a kan abin da ya riga ya bar gida?"

Sai a lokacin ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni sosai. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Oga ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba. Shi ɗan kasuwa ne, bai san sauti ba, abin da aka faɗa masa yake bi. Ya ce akwai kunne ɗaya da mawaƙa suke yabo yanzu, shi zai tambaya."

"Wa?"

"Ke."

Na jingina da bayan kujera ina kallon sa.

"Na so ki ji ta a gabana kafin ya tambaye ki," ya ce. "Na ɗauka za ki ce ta yi, mu wuce wurin."

"Wato ba shawara ka kira ni in ba ka ba. Ƙarya ka kira ni in yi maka."

"Na kira ki ki tuna wanda ya ɗora hannunki a kan na'ura."

"Yaya, in na ce ta yi, ka koma kujerar, mawaƙin da zai kawo maka waƙarsa jibi fa? Shi ma ya karkata? Kuma ranar da asiri ya tonu, wa zai sake yarda da kunnena?"

"Au, sunanki kike ji."

"Kai ma naka kake ji! Da ba shi kake ji ba da tun bara ka buɗe baki!"

"Auta, don girman Allah," in ji Anti, ta durƙusa a gabana har ƙasa. Matar da ta girme ni, wadda ta yi min kitso ina ƙarama. "Kalma ɗaya ce. Ki ce ta yi. Yaran nan ba su san komai ba. In aka cire shi daga wurin nan ba shi da wata sana'ar."

"Anti, tashi. Don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba sai kin amsa min."

Ina ƙoƙarin ɗaga ta ke nan wayata ta hau ruri a kan tebur, kusa da hannun Yaya. Baƙuwar lamba ce, ni ban san ta ba.

Shi ya san ta.

Kafin in kai hannu ya riga ni. Ya amsa, ya buɗe lasifikar wayar yadda kowa zai ji, ya turo ta gabana da yatsa ɗaya.

"Salamu alaikum. Da ƙanwar injiniyana nake magana?"

Na sunkuya kusa da wayar.

"Eh... ita ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ni ne mai situdiyo. Ba zan ja ki da nisa ba. Yayanki ya turo min waƙa, ya ce ke ma za ki ji ta yau. Kin ji?"

"Na ji."

"To. Ni na kunna ta a mota, wani abu bai zauna min ba, amma ban san sunansa ba. An ce min ke ba kya rufa-rufa a kan aiki. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma abin da kika ce shi zan yi. In kin ce aikin ya yi, gobe ya dawo bakin aikinsa. In kin ce bai yi ba, to ba sai na je nesa neman wani ba, ke nake so ki zo ki zauna a kujerar."

Anti ta damƙe min ƙafa.

"Kina ji na? Kunnen yayanki har yanzu yana nan, ko ya tafi?"

Na ɗaga kai na dubi Yaya.

Bai roƙe ni ba. A hankali ya karkatar da kansa, ya juyo min da kunnensa na hagu, wanda ya rage masa, don kada ko kalma ɗaya daga bakina ta wuce shi.

"Ina sauraron ki," in ji Oga.